Guguwa da Katifar Rimi

Abin da na kusa rasawa a waccan daminar bai wuce a ƙirga shi da yatsu ba. Karya ɗaya, irin manyan nan da mutane ke kira karen 'yan sanda, sunanta Guguwa. Ɗanta namiji ɗaya, Duna, wanda na ƙi sayarwa don ya zama uban garkena. Sai 'yan kwikwiyo huɗu waɗanda ko cikinsu ba a ɗauka ba, amma na riga na ba Alhaji Mudi, mai gonar kaji a wajen Garki, hannu a kansu. Shida ke nan. A kan waɗannan shidan sana'ata gaba ɗaya take tsaye a lokacin, domin Guguwa ce kaɗai karyar da nake da ita mai irin jinin da masu hali ke nema.

Na zauna rubuta wannan ne saboda ku samarin da ke tare ni a bakin titi a Takur, nan Dutse, waya a hannu, kuna nuna min hoton kwikwiyo kuna cewa, "Baba Sale, ai wannan cin banza ne. A ba kare abinci, ya haihu, a sayar." To, ku saurara.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a cire kaska ne. A ƙauyenmu kusa da Jahun akwai wani maharbi, Baba Iro, mai karnukan farauta. Shi ya ɗauke ni. Za ka zaunar da kare tsakanin gwiwoyinka, ka fara daga cikin kunne, ka gangara wuya, ka bi hammata, sannan ka buɗe tsakanin yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ba a fizgar kaska, sai kanta ya maƙale a fata wurin ya kumbura. Kama ta ake yi daf da fata, a ja a hankali, a jefa a gwangwanin kananzir. Kare tara, kullum, kafin a ba ni koko. Da na fara ƙosawa sai Baba Iro ya ce, "Ba kaska nake so ka cire ba kawai, Sale. So nake hannunka ya san jikin lafiyayyen kare. Ran da ka taɓa marar lafiya, ba sai an faɗa maka ba." Shekara uku na yi a wurinsa. A can na koyi shinshina kunnen kare, da duba dasashinsa, da kallon tafiyarsa tun daga nesa kafin in kai hannu.

Da Dutse ta fara cika, ma'aikata suna gine-gine, ana buɗe gonakin kaji a bayan gari, sai na lura mutanen da ko kusa da kare ba sa zuwa sun fara neman kare. Na dawo gari da karnukan gida biyu daga jinin na Baba Iro, na fara haɗawa ina sayarwa. Masu saye iri-iri ne. Akwai wanda zai tsaya can nesa, hannu a baya, ya tattare babbar riga, ya ce, "Yana cizo?" In ka ce yana yi, ya ce yana da yara. In ka ce ba ya yi, ya ce to me zai yi da shi. Wani ma'aikaci ya taɓa ce min so yake kare ya ciji ɓarawo amma ya ƙyale surukai. Na ce masa wannan karen ban haɗa irinsa ba tukuna. Akwai kuma masu gona, su ne suka san abin da suke so: kare mai murya, mai juriyar rana, wanda ba zai ci kaji ba.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Takunkumin fata da wani baduku ke ɗinka min gwargwadon bakin kowane kare. Sarƙa doguwa mai juyawa a kai, don kada ta murɗe ta shaƙe shi. Buroshi mai tauri da mai laushi. Tukunya ta daban ta dafa tsakin masara da kayan cikin kaji da ƙashin da nake karɓowa a kwata. Da kayan sawa na aiki, riga da wando da takalmin roba, waɗanda ke rataye a ƙusa a bayan gida kuma ba sa ƙetare zaure. Wannan dokar matata ce, Maman Abba, tun ranar farko. Kwanon kare ba ya haɗuwa da kwanon mutane, ko a wurin wanki. Ba a sallah da kayan aiki. Wanda bai iya kiyaye wannan ba, ba zai daɗe da karnuka a cikin unguwa ba.

Guguwa a Jos na sayo ta tana wata uku. Ɗauko ta ma aiki ne. Direba uku suka ƙi ni a tasha, na huɗun ya ce sai dai in biya kujera biyu in sa ta a kwando a baya, kuma in wani fasinja ya yi magana ba ruwansa. Ta girma ta zama abin kallo: baya baƙi, ƙirji ja, kunnuwa a tsaye. Haihuwarta ta farko biyar ta zuba. Na sayar da huɗu, na riƙe Duna. Ɗaya daga cikin huɗun nan Alhaji Mudi ya gani a gidan wani abokinsa, ya aiko a kira ni. Ɓarayi sun haura masa gona sau biyu. Ya ce huɗu yake so daga haihuwa ta gaba, ɗaya a kowace kusurwa.

"Malam Sale, kada ka ba kowa kafin ni," in ji shi.

"Alhaji, naka ne tun suna ciki."

Muka yi musabaha a kan haka.

Yanzu ga inda na fara ɓata abin da hannuna. Lokacin da na gina gidana, bayan Takur fili ne. Kafin Guguwa ta shekara biyu an kewaye ni da gidaje, kuma jikin katangata Malam Sabi'u ya buɗe makarantar Islamiyya ta yaran unguwa. Mutumin kirki ne. Bai taɓa ce min haramun nake ci ba. Wata rana bayan la'asar ya yi sallama, muka zauna a zaure.

"Malam Sale, kare na gadi da na farauta da na kiwo, ba ni da magana a kai," ya ce. "Amma da yara sun ɗaga murya da karatu, sai wannan babbar ta amsa musu. Ƙananan har kuka suke yi. Jiya wata uwa ta zo ta ce za ta cire 'yarta."

"Allah gafarta Malam, me kake so in yi?"

"Kai ka san aikinka. Ni dai a rage mana muryar daga safe zuwa magariba."

Na ɗauki alkawari. Akwai wani ɗakin ajiya a ƙarshen gida, mai taga ɗaya. Na kwashe kayan ciki, na toshe tagar da buhunhuna don murya kada ta fita, na mayar da Guguwa da Duna ciki da rana, a nan kuma suke kwana. Karnukan gidan nan biyu ba su da yawan haushi, sai na bar su a waje, suna kwana a kan yashi a gindin darbejiya.

Sai maganar shimfiɗa. Babban kare in yana kwana a kan siminti, gwiwar hannunsa takan yi kanta, ta yi baƙi, gashin wurin ya zube. Mai saye yana ganin haka zai ce kare tsoho ne ko marar lafiya. A wannan lokacin kuwa mata sun gama komawa katifar soso, kowane gida akwai tsohuwar katifar audugar rimi da aka jingine ba a san yadda za a yi da ita ba. Maman Abba ta ba ni wadda ta zo da ita gidan aure. Ta yi magana da ƙawayenta, kafin mako ya zagayo na tara biyar, kyauta. Na shimfiɗa uku a ƙasa, na jingina biyu a bangon da ya haɗa mu da makaranta don su ƙara shanye haushin. Har na kira Malam Sabi'u ya tsaya ta ɓangarensa ya saurara. Ya ce alhamdulillahi, kamar ba kare a gidan. Ranar nan na ɗauki kaina mai dabara.

Da ruwa ya sauka sosai, sai Guguwa ta fara lasar ƙafa. Da farko ban kula ba. Sai lasar ta koma tauna. In na buɗe ɗakin da safe zan same ta tana gurzar fuska a jikin katifa, gefen idonta ya yi ja, gashin wurin ya fara kaɗewa. Hammatarta da cikinta suka yi jajir. Kunnenta da na saba shinshinawa ba wari, ya fara tsami, tana kaɗa kai kamar an zuba mata ruwa a ciki. Ba ta iya kwanciya ta minti biyar. Ta kwanta, ta zabura, ta yi susa, ta zagaya ɗakin, ta sake kwanciya. Abinci ma a tsaitsaye take ci, ta ɗauki loma ta juya ta ciji gindin cinya. Bayan mako uku Duna ya fara, shi ma daga ƙafa.

Na duba kaska, babu. Na tsefe gashin a kan farin buhu ina neman ƙuma, ban ga ko ɗaya ba. Duk wanda ya leƙo sai ya ce ƙazuwa ce, ni ma na ce ƙazuwa ce. Na hau mota na tafi kasuwar Jahun wurin masu maganin dabbobi, na sayo allurar da ake yi wa awaki, na yi musu. Shiru. Na dafa ganyen darbejiya na yi musu wanka, suka ɗan lafa na yini ɗaya, na mayar da su ɗaki, gari ya waye an koma gidan jiya. Na kwaɓa farar wuta da man kaɗe na shafa. Na canza tsaki zuwa shinkafa. Na daina ba su kayan cikin kaji. Kullum ina kan hanya da wani ƙulli a aljihu, kullum wani na ba ni sabon magani. Alhaji Mudi kuma yana bugo waya.

"Malam Sale, an kai ta wurin namijin kuwa?"

"Lokacinta bai yi ba tukuna, Alhaji."

Gaskiya ce, amma saura kamar wata biyu, kuma ba wanda zai bari namijinsa ya kusanci karya mai irin wannan fatar.

Baƙin mai wani makanike ne ya ba ni, a galan, irin wanda ya juye daga injin mota. Ya rantse cewa da shi ya warkar da karen ƙaninsa. Na sha jin haka tun ina yaro, kuma na san Baba Iro bai taɓa yi ba, amma na gaji. Na ce bari in gwada a kan Duna tukuna, tunda Guguwa ce jari. Na sa masa takunkumi, na shafe shi da tsumma daga wuya har wutsiya. Da yamma na cire takunkumin don ya ci abinci, aka kira ni a waje, na daɗe. Kafin in dawo ya lashe duk inda harshensa ya kai. Washegari ya fara amai. Na wanke shi da sabulu sau uku, na ɗura masa madara. Fatar da ke ja ta koma kamar ƙuna. Ya daina ci, ya daina tashi. Kwana huɗu ya yi. Na haƙa rami a bayan gari na binne shi. Ba na ɗora wa makaniken laifi. Shi shawara ya ba ni, tsumman a hannuna yake.

Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na yi shatar mota na ɗauko Baba Iro daga ƙauye. Ya tsufa, yana dogara sanda, amma idonsa na nan. Bai fara da Guguwa ba. Ya tsaya a gindin darbejiya ya kira karnukan gidan nan biyu, ya shafa su, ya ɗaga kunnuwansu.

"Waɗannan suna haɗuwa da ita?"

"Kullum, Baba. In an tashi daga makaranta nakan sake su gaba ɗaya. Har kokawa suke yi."

"Wata nawa tana susa?"

"An shiga na uku."

"Kai kana wanke ta da hannunka?"

"Da hannuna."

Ya kama hannuna ya juya shi, ya duba tsintsiyar hannun har zuwa gwiwa.

"Ƙazuwar da ta yi wata uku a gida, ba ta kama waɗannan ba, ba ta ko taɓa ka ba? Sale, shekara uku ka yi a wurina ko kwana uku?"

Ya ce in buɗe masa ɗakin. Yana sa kai ya ja baya, ya toshe hanci da gefen rawani. Ni na saba da warin, na daina jinsa. Ɗaki ne mai gumi, ba iska, ba rana, katifun sun sha danshin damina sun yi nauyi.

"Ban san sunan ciwon nan ba," ya ce. "A daji ban taɓa ganinsa ba. Amma ko ni ka kwantar a nan sai na yi susa. Kai ta wurin masu karatun abin."

Likitar dabbobin da na samu mace ce, Dokta Hauwa, ba ta kai shekarun ƙanwata ta ƙarshe ba. Ta sa safar hannu, ta ce in riƙe kan. Ta ɗauki reza ta kankare fatar a wuri huɗu har jini ya ɗan tsattsafo, ta shafa a gilashi, ta sa a ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Ta daɗe tana dubawa. Ta ce ba ta ga ƙwaron ƙazuwa ba, kuma allurar da na yi, da shi ne, da an ga sauƙi. Ta tambaye ni abinci, na lissafa mata duk canjin da na yi. Ta tambayi inda take kwana. Da na ce katifar rimi, sai ta ajiye biro.

"Baba, ka koma gida ka bugi katifar nan a kan takarda, ka kawo min abin da ya zubo."

Na je na dawo a adaidaita sahu da ƙura a ƙulle a takarda. Ta ɗebi kaɗan ta sa a gilashi, ta daidaita madubin, ta ce in sa ido. Da farko ban ga komai ba sai zare-zare. Sai wani abu fari mai ƙafafu ya motsa. Sai na ga wani a gefensa, da wani.

"Kuɗin cizo ne?"

"A'a. Wannan ba ya cizo, ido ma ba ya ganinsa. Dattin fatar da ke zuba daga jikin mutum ko dabba yake ci. Yana son katifa, yana son danshi, yana son ɗakin da rana ba ta shiga. Kusan kowane gida akwai shi, har nawa. Kashinsa da gawarsa ne ke zama ƙura. Yawancin karnuka ba ruwansu da shi. Amma akwai waɗanda jikinsu ba ya shiri da shi, in ya taɓa fatarsu sai ta tashi. Kamar borin jini a mutum."

"To a yi mata allurar da za ta kashe shi."

"Ba a jikinta yake ba, a ɗakinka yake. Kuma ba zan ce maka na tabbatar ba, don gwajin da ke tabbatarwa ba mu da shi a nan. Ka fitar da ita daga ɗakin, mu yi maganin kunnen da gyambon da susa ta jawo. In ta lafa, mun gane."

Na ba ta labarin Duna. Ta ce baƙin mai guba ne ko a fata, balle a ciki. Sai ta tambaye ni ko ɗan Guguwa ne. Na ce ɗanta ne na cikinta.

"To, ga wadda ba za ka so ji ba. Wannan yanayin jiki yana bin jini. Ba duka 'ya'yan za su ɗauko ba, amma uwa tana da shi, ɗa ya nuna. Kuma ba ya fita. Lallaɓa shi ake yi har ƙarshen rai. A kwikwiyo ba za ka gani ba, sai ya kai wata shida, ko shekara, ko fiye. In da tawa ce, ba zan sake haɗa ta ba."

A ranar na fitar da katifun biyar bayan gari na cinna musu wuta. Maman Abba ta tsaya a ƙofa tana kallo ana ɗora tata a baro. Ta ce, "Shekara ashirin ina kwana a kanta ban yi susa ba, sai karyarka 'yar gata." Na cire buhunhunan taga, na wanke ɗakin. Na sa kafinta ya yi min gadon katako mai tazara, wanda iska ke bi ta ƙasa, na ɗora tabarmar roba da ake wankewa a shanya a rana. Na kafa rumfa a tsakar gida na mayar da Guguwa can. Wanka sau biyu a mako da sabulun da likita ta rubuta, a bar kumfar ta jima a jiki kafin a ɗauraye. Maganin kunne safe da yamma. Da wata ƙwaya ƙarama da ta ce in ba ta na 'yan kwanaki kawai, ina ragewa, don in an daɗe ana sha tana lalata jiki.

Ƙwayar nan kamar sihiri. Kwana uku susa ta tsaya. Mako uku jan ya baje, gashi ya fara tsirowa. Haushi kuma ya dawo, daidai lokacin karatu.

A wannan makon wani abokin sana'a daga Kano, Ɗanjuma, wanda namijinsa za a kai wa Guguwa, ya bugo. Na faɗa masa komai. Ya yi dariya.

"Kai Sale, kana da wahalar da kai. Ta warke ko ba ta warke ba?"

"Ta lafa."

"To kawo ta. Kwikwiyo wata biyu ake sayar da shi, fatarsa sumul. In ya yi susa bayan shekara, wa zai ce daga wurinka ne? Ka ce ba sa masa wanka. In kuma tsoro kake ji, ɗura mata ƙwayar nan mako biyu ka kawo min ita, ni zan sayar maka da ita, ba wanda zai gane."

Ba zan ɓoye muku ba, na juya maganar nan kwana biyu. Ba ƙarya ya yi ba, ba wanda zai kama ni. Amma na san gonar Alhaji Mudi. Masu gadinsa ba za su wanke kare sau biyu a mako ba, taɓa shi ma da ƙyar. A ɗakin ajiyar buhunan abincin kaji za su riƙa kulle su da rana. In biyu cikin huɗu suka ɗauko jinin uwar, abin da za a yi musu na riga na san shi, don ni na yi wa Duna. Kare mai susa kuma ba ya gadi, hankalinsa na kan fatarsa. Dutse ba ta da girman da mutum zai sayar da irin wannan ya ɓace. Ni kuwa a nan nake zaune.

Na hau mota na tafi Garki. Na sami Alhaji a gona yana duba masu ɗibar ƙwai. Na faɗa masa a tsaye.

"Wato ba karnuka ke nan," ya ce.

"Daga wannan karyar babu, Alhaji. Ina da na gida, jinin farauta. Ba su da girma, amma ba sa barci kuma ba sa ciwo. In ka ba ni wata huɗu zan kawo maka huɗu na horar."

"Malam Sale, na gida ai ko a ƙauyen nan kyauta za a ba ni. Ni so nake ɓarawo ya leƙo katanga ya ga abin da zai sa ya fasa. Wata shida ka sa ni jira."

"Na sa ka jira, ban musa ba."

"Da ka kawo su ka yi shiru, ai da ban sani ba."

"Da ka sani baɗi."

Ya kalle ni, ya kira wani ya ce a ɗauko min ƙwai kiret ɗaya. Bai sake cewa komai a kan karnuka ba. Daga baya na ji ya saya a Kano. Bai ƙara nemana ba. In mun haɗu a ɗaurin aure muna gaisawa lafiya lau.

Saura Malam Sabi'u. Na je na same shi na ce alkawarin da na ɗauka ba zan iya riƙe shi a gidan nan ba, don ɗakin da ke hana haushi shi ke sa ciwo. Na roƙi wata biyu. Ya ce ya ba ni, zai matsar da ajin ƙanana zuwa ɗaya ɓangaren kafin nan. Na sayar da filin da nake ajiye da shi don ɗana, na sayi wani a bayan gari ta hanyar Jahun, nesa da gidaje, na yi rumfuna masu buɗaɗɗen gefe da daɓen siminti mai gangare. Ba katifa, ba bargo, ba tsumma. Na kai Guguwa wurin Dokta Hauwa aka cire mata mahaifa, don kada wata rana wani ya zo da magana mai daɗi in canza ra'ayi. Na koma haɗa na gida, na fara daga inda na taso, sai da na shekara biyu kafin na iya sayen wata babbar karyar. Wannan karon sai da na sa aka nuna min uwarta da ubanta, na ɗaga hammatarsu, na buɗe yatsunsu, na shinshina kunnuwansu a gaban mai su yana ta tsaki.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Duna ya mutu, ni na kashe shi. 'Yan kwikwiyo huɗu ba a haife su ba, da duk waɗanda za su biyo bayansu. Alhaji Mudi ya tafi. Fili ɗaya ya tafi. Cikin shidan da na fara da su, ɗaya na tsira da ita, ita ma ba ta ƙara kawo min ko sisi ba. Tana nan a sabon filin, ta tsufa, tana cin kwano guda kullum, duk damina ƙafafunta sukan ɗan yi ja sai na ƙara mata wanka. Ba wanda ya taɓa dawo min da kare ya ce na cuce shi. In aka sake ajiye min wannan lissafin a gabana, haka zan sake yin sa, ban da baƙin man.